Faifan Yaya

Ko a cikinku akwai wadda ta taɓa riƙe faifan garmaho a hannunta? Baƙi ne wuluk, faɗinsa ya kai babban faranti, in kin ɗaga shi a haske sai ki ga layi-layi sirara sun zagaye shi. Allura ce take bin layin nan sauti ya fito. Na san wasunku kaset ma sai dai labari. To ni ina da guda ɗaya tak, kuma a watan jiya na sayar da shi.

Sunansa Raising Hell, na wasu samari uku baƙaƙen fata daga unguwar Hollis a birnin Niyok, ana ce musu Run-DMC. A 1986 ya fito, shekara ɗaya bayan nan Yayanmu ya dawo daga karatu a Amurka da shi a ƙasan akwati, tsakanin rigunan sanyi. Ranar da ya fara ɗora shi Inna ta leƙo ɗakin soro da muciya a hannu ta ce, "Wai waɗannan waƙa suke yi ko faɗa?" Da ta ji wani ƙiiƙii sai ta ce ai ga shi nan, sun sayar masa da lalataccen faifai. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na ukunsu ne, Jam Master Jay, yake murza faifai da yatsunsa da gangan, sana'arsa ke nan.

Waƙa ta huɗu ita ce ta ɗauke mu, Walk This Way. Asalinta ta wasu Turawa ce masu kiɗan rok da jita, Aerosmith, tun 1975. Rick Rubin, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya faifan, shi ya kawo shawarar a sake ta, aka gayyato Steven Tyler mai waƙa da Joe Perry mai jita suka haɗu da samarin. A hoton bidiyon ma bango ne a tsakaninsu, kowa yana damun kowa da ƙara, har aka fasa bangon. Waƙar ta kai lamba 4 a jerin Billboard. Mu dai ba ma jin ko kalma biyar, amma ke dai bari, da an kunna sai ki ga ƙafarki tana motsi ƙarƙashin zani. Ƙaninmu kuwa da ya ji an ce ba sa ɗaura igiya a takalminsu na Adidas, sai ya zare ta takalmin makarantarsa. Ya sha bulala wajen Baba.

A 2002 aka harbe Jam Master Jay a ɗakin ɗaukar sautinsa. Yaya ya yini bai ce uffan ba. Shi ma yau shekararsa shida a ƙasa, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon kaya babu wanda ya kalli faifan, garmahon ma ya daɗe da mutuwa, sai na naɗe shi a ɗankwali na ajiye.

'Yarsa ta fari a wajena take, bana za ta rubuta WAEC, ga kuɗin rajista ya taso ana ƙarshen wata. Ɗana ne ya ce min ai irin wannan faifan ya dawo yayi, akwai masu nemansa ido rufe. Ya ɗauki hotonsa a waya, kwana biyu wani saurayi ya kira daga Legas. Tambayarsa ta farko wai akwai ƙarzuwa? Na ce akwai ɗaya, a waƙa ta biyu, allura takan yi tsalle a wurin. Ban gaya masa zoben Yaya ne ya yi ta ba, ranar da ya zaro faifan da sauri don ya burge wadda ta zama matarsa. Ya rage wani abu saboda ita, ban ja ba.

Wallahi daren da zan ba da shi ban runtsa ba. Na buɗe kwalin na shinshina, har yanzu akwai ɗan ƙamshin kafur na akwatin nan. A ciki na tarar da wata 'yar takarda da rubutun Yaya, sunayen waƙoƙin da yake kwafa wa abokansa a kaset. Ita na cire na riƙe.

Da safe na sa faifan tsakanin kwali biyu, na kai tasha na damƙa wa direba, na ce don Allah kada a ɗora masa kaya kuma kada rana ta taɓa shi, yana lanƙwashewa. Yarinyar an yi mata rajista ranar Litinin. Ta tambaye ni ina na samo kuɗi, na ce mata na babanta ne.