Ba Taurin Kai Ba Ne: Darasi Daga Jinyar Mahaifinmu

Muna so mu ba ku labarin wani kuskure da muka yi, ko Allah Ya sa wani ya kauce masa.

Mahaifinmu ya shekara 40 yana karantar da fiƙihu a zaurensa a Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Da ya haura shekara 80 sai gigin tsufa ya kama shi, har sunayenmu suka ɓace masa. Daga baya kuma jikinsa ya soma sanƙarewa. In muka kama hannunsa za mu sa masa riga, ko mu yi masa alwala, sai ya ƙanƙame, muna ja yana ja. Mu biyu ke jinyarsa, ɗaya mai rumfa a kasuwar Sabon Gari, ɗaya ma'aikacin gwamnati, kowa kuwa da safe sauri yake yi. Muka ɗauka gardama ce irin ta tsofaffi. Wata rana har ɗayanmu ya daka masa tsawa, ya ce, "Haba Baba, saki mana!" Tsoho ya dube shi kurum, hawaye na zuba.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika muka gane laifinmu. Wata likitar sashen gashi ta ce mana, "Alhaji, Baba ba da gangan yake yi ba." Ta bayyana mana cewa ana kiran wannan lalura paratoniya, kuma tun 1910 wani likitan Faransa, Ernest Dupré, ya siffanta ta. Asalinta daga ƙwaƙwalwa ne. Jiki ke turjewa da kansa duk lokacin da wani ya motsa shi, kuma gwargwadon saurin mai ja, gwargwadon ƙarfin turjiyar. Ashe gaggawarmu ce ke ɗaure shi.

Da mun yi niyyar mu riƙa miƙar masa da gaɓoɓi kullum, amma ta hana. Wani bincike da aka buga a 2012 a ƙasar Holan, kan tsofaffi masu tsananin wannan lalura, ya nuna lanƙwasa gaɓoɓi da miƙar da su bai rage sanƙarewar ba. Wani kuma na ƙasar Beljiyam, a 2019, ya sami sauƙi na ɗan lokaci daga abu biyu: jijjiga gaɓa a hankali, da tallafe jiki da matasai.

Su muka bi. Kafin mu taɓa shi mukan yi masa sallama, mu gaya masa abin da za mu yi. Mu tallafi hannun ta ƙarƙashin gwiwa, mu jijjiga shi sannu-sannu kamar mai rarrashin jariri, mu dakata har ya saki da kansa. In ya kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi. In ta gefe ne, ɗaya tsakanin ƙafafu, ɗaya a bayansa, ɗaya ƙarƙashin hannu, don kada wata gaɓa ta yi reto. Mukan juya shi kamar kowane awa 2 saboda gyambon kwanciya. Tela kuma ya ɗinka masa riguna masu buɗewa ta gaba. Bai warke ba, gama cutar ba ta da magani tukuna, amma wanka ya daina zama kokawa. Muna kuma gargaɗi, kada a bari kowa ya ja gaɓar tsoho da ƙarfi, domin ƙashinsa ba wuyar karyewa.

Mahaifinmu da bakinsa ya karantar da mu aya ta 70 ta Suratun Nahli, wadda ta ambaci shekarun da sani ke gushe wa mutum, da aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana tsawa ga iyayen da suka tsufa. Mun haddace su tun muna yara, sai ga shi mun saɓa musu a kan hannun riga.

Ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikaci, in kana da irin wannan tsoho a gida, ka riƙa tashi rabin awa kafin lokacinka. Wannan rabin awar ce ta gyara tsakaninmu da Baba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya yafe mana abin da muka yi bisa rashin sani. Amin.