Takarda Uku a Kan Teburin Akanta



'Yan uwana matasa, na daɗe ina karantar da babin ijara a Islamiyyarmu ta nan Rano, ina zayyana wa ɗalibai sharuɗɗan ɗaukar ma'aikaci da wajabcin sanin lada tun kafin a soma aiki, amma ban san nauyin babin ba sai a farkon shekarar 2026, ranar da aka ajiye mini takardu uku aka ce in zaɓi ɗaya.

Wata ƙungiya ce mai zaman kanta, ba zan ambaci sunanta ba, ta nemi wanda zai riƙa zagaya makarantun allo tsakanin Rano da Kibiya yana taimaka wa alarammomi wajen shigar da karatun lissafi da na boko. Suna son mai Larabci da kuma digiri, Allah Ya sa aka tuna da ni. Albashin naira 200,000 ne a wata. Wanda ya san abin da iyayen yara suke iya harhaɗawa su ba malamin Islamiyya a ƙarshen wata, ya san yadda zuciyata ta buga.

Da farko na ɗauka babu ruwana da haraji, tunda kullum muna jin cewa ƙungiyoyin agaji ba sa biya. Ashe rabin magana muka sani. Ƙungiyar da ke da rajista, wadda ba riba take nema ba, ita ce aka ɗauke wa haraji a kan tallafin da take samu. Ma'aikacinta kuwa kamar kowane ma'aikaci yake: wajibi ne ta cire masa harajin albashi, wato PAYE, ta miƙa wa hukumar harajin jihar da yake zaune, mu a nan Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano.

Takarda ta farko ta cikakken ma'aikaci ce. Akantan ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a gabana. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Nawa ya kama 16,000, nasu 20,000. Sannan sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 ana karɓar kashi 15. Da aka cire fansho daga miliyan 2 da dubu 400, aka cire abin da aka yafe, harajina ya tashi 17,600 a wata. Abin da zai shigo hannuna 166,400.

Akwai wani rangwame ga mai zaman haya, kashi 20 na kuɗin hayar shekara, muddin bai wuce 500,000 ba. Na yi dariya. A gidan gado nake zaune kamar yawancin mutanen garinmu, ɗakin da aka haife ni yana kallon ɗakin da 'ya'yana suke kwana. Wanda ya rubuta wannan sakin layi, ina jin mutanen Legas da Abuja ne a ransa.

Takarda ta biyu ta ɗan kwangila ce. Za a cire kashi 5 kawai, in karɓi 190,000, amma babu fansho, babu hutu, kuma wannan kashi 5 ɗin kafin alƙalami ne: ni da kaina zan je hukuma a ƙarshen shekara in bayyana abin da na samu, in cike gurbi idan akwai saura. Ban da haka, mutumin da aka yanka masa lokacin zuwa da na tashi, yana da shugaba a kansa kullum, kiransa ɗan kwangila canza suna ne kurum.

Ta ukun ce ta hana ni barci. Ya rage murya ya ce: “Malam, akwai yadda muke yi wa namu. A rubuta maka 70,000, mafi ƙarancin albashi, wanda babu haraji a kansa. Sauran 130,000 mu sa shi a matsayin kuɗin tafiye-tafiye, kana sa hannu duk wata.” Ba mugun mutum ba ne, wallahi taimako yake nufi.

Da daddare na kai maganar gaban mahaifina. Shi haraji a wurinsa ba lissafi ba ne, tabo ne. Ya sha ba mu labarin yadda magidanta suke tserewa daji idan lokacin karɓa ya zo, da yadda ake kora shanun Fulani saboda jangali, har zuwa lokacin da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi, wadda ta hau mulki a 1979, ta soke su. Ya ce: “Kai yanzu da karatunka za ka ɗauki kuɗin hatsin 'ya'yanka ka kai wa waɗanda ba ka san inda suke kai shi ba?” Na sunkuyar da kai, domin ban da amsar da za ta gamsar da shi. Kusan naira 30,000 ne tsakanin takardun biyu a kowane wata, ga mahaifiyata tana shan maganin hawan jini.

Na san malamai sun yi dogon bayani a kan abin da shugaba zai iya ɗora wa jama'a bayan zakka, wasu sun tsananta, wasu sun halatta da sharaɗin buƙata da adalci. Na so ƙwarai in ɓuya a bayan wannan saɓani. Sai dai da na natsu na ga ba wannan ce mas'alar da ke gabana ba. Ba a tambaye ni ra'ayina a kan haraji ba. An nemi in sa hannu sau goma sha biyu a shekara cewa na yi tafiyar da ban yi ba, kuma takardar ba a ofishin haraji kaɗai za ta tsaya ba, za ta isa ga waɗanda suka ba da kuɗin da niyyar almajirai. Ni ne kuma zan zauna da safe in karanta wa yara babin shaidar zur.

Washegari na koma na ce masa: “Ranka ya daɗe, a ba ni ta farko, amma ina da tambaya.” A nan na gane cewa akwai sauƙin da doka da kanta ta buɗe. Man da na zuba a babur da gaske don zuwa Tarai ko Rurum, idan na kawo rasit aka mayar mini, ba albashi ba ne, babu haraji a kansa. Sannan kuɗin fansho, wanda nake ƙyama saboda tsoron riba, ashe tun 2021 hukumar PenCom ta fito da asusu na shida wanda ba a juya shi ta hanyar kuɗin ruwa, kuma ma'aikaci yana da ikon ya nemi a mayar da nasa can. Na cike takardar neman a ranar. Wato 36,000 ke taruwa da sunana duk wata, ni da ban taɓa ajiye ko tunkiya don tsufa ba.

Mahaifina har yau bai gamsu ba. Da albashin farko ya shigo na kai masa takardar biya, ya sa tabarau ya bi ta layi-layi har ya iso kan 17,600. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya miƙo mini ya ce in adana ta da kyau, ranar da muka haɗu da mai neman ƙuri'a a kan hanyar Kibiya in nuna masa.