Ku daina kiran Telemakus rago

Tun daren jiya maganar nan take cina, gara in amayar da ita. Kun san mako uku ke nan ina kawo muku labarin Odisiyus kashi-kashi. To jiya a majalisa, bayan isha'i, wani abokina da ke bin rubutun ya ce shi bai ga amfanin Telemakus ɗan Odisiyus ba. Wai barewa ta yi gudu, ɗanta ya ɓuge da rarrafe, gardi ɗan shekara 20 ana cinye dukiyar ubansa yana zaune yana kuka. Aka yi dariya. Ni raina ne ya ɓaci.

Ku duba fa. Telemakus yana jinjiri ubansa ya tafi yaƙin Tiroy. Shekara 10 ana gwabzawa, wata 10 kuma ta ƙare a hanyar komawa Itaka. Yaron bai san muryar ubansa ba, sunan kawai aka ɗora masa. Kakansa Layatis ya ƙaura gona saboda baƙin ciki. Mahaifiyarsa Fenelofi tana saƙa likkafanin surukinta da rana, ta warware da dare, har shekara uku, don ta ja wa masu neman aurenta lokaci. Su kuwa 108 ne, kullum suna gidan, kullum sai an yanka musu dabba. A wannan gidan wa zai koya masa riƙe mashi?

Duk da haka ya tashi. Ya kira taron jama'ar gari, wanda ba a yi ba tun tafiyar ubansa, ya tsaya gaban dattawa ya kai ƙara. E, ya yi kuka, har ya yar da sandar magana ƙasa. Amma su dattawan da suka ci arzikin Odisiyus me suka yi? Yawancinsu shiru. Su ba a kira su ragwaye ba, sai yaro. Da dare ya shiga jirgi da matuƙa 20, ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba sai tsohuwar da ta rene shi. Ya je Filos wurin Nesto, ya wuce Sifata wurin Menelawus yana cigiyar ubansa, manema kuma suna kwanton ɓauna a teku su kashe shi.

Na san wasu za su ce me ya kai ni ga tatsuniyar masu bautar gumaka. Na sha amsa wannan. Ban ce ku yi imani da allahiyarsu Atena ba, ni ma ban yi ba, Allah Ya tsare. Waƙa ce ta Homa mai babi 24, kuma huɗun farko kusan duk a kan yaron nan suke, kafin a nuna mana uban. Mai waƙar ya san darajarsa, mu ne muke gaggawar zuwa wurin jarumi.

Waɗanda suka san ni sun san shekarata nawa lokacin da Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Har yau akwai masu gaishe ni su ƙara da cewa ban kamo ƙafar Malam ba. Ba su taɓa tambaya wa ya zauna ya koya mini abin da Malam ya sani ba. Ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan manya. Kuna auna su da mudun iyayensu, alhali ba ku zuba musu ko ƙwaya ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ranar gwajin baka. An jera gatari 12, an ce wanda ya ɗaure wa bakan Odisiyus tsirkiya ya harba kibiya ta ratsa su, shi zai auri Fenelofi. Telemakus ya fara gwadawa. Sau uku yana kasawa. A na huɗu baka ya fara ba da kai, sai ubansa, da ya dawo a ɓoye yana zaune cikin tsummokaran almajiri, ya girgiza masa kai. Yaron ya ajiye, ya bar su suna ganin ya gaza, don kada shirin da suka ƙulla wa manema ya lalace. Wannan wurin zan karanta wa abokina yau da dare, a gaban waɗanda suka yi dariya.