So Da Ƙauna A Bakin Mutanen Sifen

Mutanen Sifen, da maƙwabtanmu na Ikwatoriyal Gini da suka mulka har 1968, suna da kalmomi biyu da suka daɗe suna ba ni sha'awa, watau "querer" da "amar". Kusan su ne so da ƙauna namu.

In mutum ya ce "quiero agua", ruwa ya ke so. In ya ce wa matarsa ko gyatumarsa "te quiero", ita ya ke so. Kalmar ɗaya ce, kamar dai tamu. Asalinta daga Latinanci ne, ma'anarta nema. Ashe ba mu kaɗai muka haɗa so da nema ba! Amma "te amo" nauyi gare ta, a Sifen ba a faɗinta barkatai.

Abin da ke damuna shi ne, a nan Abuja, daga Wuse har Nyanya, samarinmu sun haddace sunayen 'yan wasan Real Madrid kaf, amma in za su aika wa budurwa saƙo sai su ari kalmar Ingilishi guda, su shafa wa kowace. Yarinya ta rasa gane ko sonta a ke yi ko ƙaunarta, alhali kuwa a kan wannan saƙo za ta ce wa iyayenta ta tsai da miji.