Kwana Biyar Kan Keke A Bakin Kogin Somme

A arewacin ƙasar Faransa akwai wani kogi da ake kira Somme. Tsawonsa duka kilomita 245 ne, kuma wanda ya san Binuwai da damina ba zai kira shi kogi ba, sai dai rafi. To amma a bakin wannan ɗan ruwa aka gwabza ɗaya daga cikin faɗan da suka fi muni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga ranar 1 ga Yuli zuwa 18 ga Nuwamba 1916, wato kwana 141, mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace. Bayan shekara 24, a 1940, yaƙi ya sake dawowa wannan kwari.

Ni mutumin Garwa ne, neman abinci ya kai ni birnin Amiens wanda ke kan wannan kogi. A can aka haifi ɗana, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ta neman ƙarin tuwo ba. Da aka koya musu tarihin yaƙin a makaranta, sai ya dawo gida da tambaya, ya ce, "Baba, cikin waɗanda suka mutu a nan akwai namu?" Tun da gani ya kori ji, sai na ce masa idan an ba da hutu za mu ɗauki kekunanmu mu je mu duba. A watan Agusta na 2023 wani abokina ya kai mu garin Péronne a motarsa, muka ɗaure jakunkuna a kariya, muka ɗauki famfo da kayan faci da kilishin da aka aiko mana daga gida, muka kama hanya.

Hanyar keken tana bin gefen ruwa ne, kan tsohuwar turbar da dawaki ke bi a da suna jan jiragen ruwa na kaya da igiya. Yanzu an gyara ta, babu mota, babu tudu. Dama da hagu tafkuna ne da fadamu, da dogayen itatuwa a jere, da agwagin ruwa, da tsofaffi zaune da ƙugiya tun asuba. Wanda bai san labari ba zai rantse ba a taɓa harba ko bindigar toka a wurin ba. Sai ka bar bakin ruwa ka hau tudu, ka shiga gonakin alkama da dankali, sannan za ka fara ganin ƙananan katangu a tsakiyar gona, kowace da fararen duwatsu a jere. A nan keke ya fi mota. Mai mota yakan nufi manyan wurare ya wuce ƙananan, shi kuwa mai keke ba ya yin nisa sai ya taka birki. Har yau manoman wurin suna tono harsasan igwa da garmarsu, su ajiye a bakin gona sai masu kwance bam sun zo sun kwashe. Na gargaɗi yaron kada ya taɓa kowane ƙarfe mai tsatsa da ya gani a ƙasa.

Zangonmu na farko Rancourt ne, maƙabartar sojan Faransa mafi girma a yankin, mai ɗauke da mutum fiye da 8,500. Yawancin kaburbura gicciye ne, amma a cikinsu akwai duwatsu masu kai kamar ƙofar masallaci, da jinjirin wata da tauraro, da rubutun Larabci mai cewa wannan kabarin marigayi ne. Faransa ta kawo sojoji daga ƙasashen da ta mallaka. Baƙaƙen fata daga cikinsu ana kiransu 'yan Sanigal duk da cewa an ɗebo su ne daga dukkan Afirka ta Yamma da ke hannunta, har da ƙasar Nijar. A watan Yuli na 1916 suna cikin rundunar da ta kutsa kudancin kogin har kusa da Péronne.

Kashegari muka shiga ɓangaren Ingilishi. A Longueval akwai wurin tunawa da sojan Afirka ta Kudu, inda sai a 2016 aka gina bango mai sunayen dukkan mamatansu, baƙi da fari, bisa jerin harufa. Daga nan muka nufi Thiepval, wani gini na jan bulo mai tsayin mita 45 da aka buɗe a 1932. A jikinsa an sassaƙa sunayen mutum fiye da 72,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Yaron ya fara karantawa, bai gama gefe ɗaya na ginshiƙi ɗaya ba ya gaji. Da muka tashi sai muka gangara kwarin Ancre, wani ƙaramin kogi da ke zuba cikin Somme, ko feda ba mu taka ba. A ƙasa na tsayar da shi, na ce ya waiwaya ya dubi tudun da muka sauko. Wannan tudu ne aka umurci samari su hau da safiyar 1 ga Yuli, da kaya a baya, Jamusawa kuma suna sama da bindigogi masu aman wuta. A wannan rana ɗaya sojan Ingila 19,240 suka mutu a fagen. Na ce masa mu gwada komawa sama da keke. Kafin mu kai rabi cinyoyinmu sun ɗauki zafi, muka sauka muna turawa, kuma babu mai harbinmu. Da la'asar muka tsaya a La Boisselle, bakin ramin da nakiya ta haƙa a wannan safiya, zurfinsa ya haura mita 20, sannan muka kwana a garin Albert.

A rana ta uku muka bi Ancre zuwa Corbie, muka sake haɗuwa da Somme, ruwan sama ya yi mana duka har Amiens. Uwargida ta tarbe mu da dariya da miyar kuka, muka shanya kaya, muka yi wa tayar baya faci.

Rana ta huɗu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Yamma da Amiens labarin na 1940 ne. Ranar 5 ga Yuni sojan Jamus a ƙarƙashin Janar Rommel suka ƙetare kogin tsakanin Hangest da Condé-Folie, kuma cikin waɗanda aka ajiye su tare hanya akwai sojojin Afirka masu yawa. A garin Airaines, 'yar tafiya kudu da kogin, sun riƙe wuri har kwana uku sai da harsashi ya ƙare musu. Ɗaya daga cikin shugabanninsu shi ne Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon maƙwabciyarmu. Da aka kama su ranar 7 ga wata, Jamusawa suka ware baƙaƙe daga farare. Shi kuwa ya ce shi hafsa ne, tare da hafsoshi zai tsaya. Nan take aka harbe shi. Yau akwai dutsen tunawa da shi a Airaines, kuma makarantar soja ta Saint-Louis a Sanigal tana ɗauke da sunansa.

A maƙabartar Condé-Folie akwai mutum fiye da 3,000 na wannan yaƙi, ɗaruruwa daga cikinsu Musulmi. Muka jingine kekuna a katanga, muka bi layi layi. Sunaye ne irin namu da aka rubuta da bakin Bafaranshe, wani suna ɗaya tak ba sunan uba, wani kuma an rubuta ba a san shi ba. Yaron ya ce, "Baba, ta yaya za mu gane Bahaushe?" Na ce masa dutse bai faɗi ƙabila ba, bai faɗi gari ba, kuma wanda aka ɗauko daga ƙauyensu aka binne a ƙasar da uwarsa ba ta taɓa jin sunanta ba, mu da muke zaman baƙunci mu ne danginsa mafi kusa. Muka ɗaga hannu muka yi musu Fatiha. Shi ya ja, ni na amsa.

A rana ta ƙarshe muka wuce Abbeville, muka bi miƙaƙƙiyar hanyar ruwa har Saint-Valery inda kogin ke shiga teku, ga tumaki suna kiwo a fadamar gishiri. A ƙetare, kusa da Noyelles, akwai maƙabartar 'yan ƙasar Sin fiye da 800, leburori da Ingila ta kawo don ɗaukar kaya da haƙa ramuka, da yawansu annobar mura ta 1918 ta kashe. Su ma kowa da dutsensa. Daga nan muka sa kekuna a jirgin ƙasa muka koma gida.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wannan yaƙi bai tsaya a Turai ba, ya zo har ƙofar gidanmu. A bakin Binuwai sojan Ingila da Faransa suka yi wa Garwa ƙawanya har Jamusawa suka miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915, kuma dutsen Mora bai faɗi ba sai watan Fabrairu 1916. Waɗanda suka yi faɗan a ɓangarorin biyu yawancinsu 'yan Afirka ne, Hausawa da yawa a cikin rundunar da ta zo daga Nijeriya, ban da 'yan dako da suka mutu a hanya. Na girma a Garwa, na yi wanka a wannan kogi, amma ban taɓa tsayawa gaban dutse mai sunayensu ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar da muke zaune, idan ba mu riƙe sunayen mutanenmu ba, babu mai riƙe mana. A unguwanninmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da Birkitari ta Yawunde akwai gidajen da ake cewa kakansu ya je yaƙin Jamus, ko ya bi Leclerc ta Cadi zuwa hamada a 1941. A wasu gidajen littafin soja da lambar girma suna nan a ƙasan akwati, gara tana ci. Ina roƙonku ku zauna da tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta sunan mutumin da na ubansa da garinsu da shekarar da ya tafi, da ko ya dawo ko bai dawo ba. Ku sa yara su riƙe alƙalamin, don su ji labarin da Hausa. Wanda ya samu wani abu ya aiko wa wannan shafi, a buga kowa ya gani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na gida da na nesa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.