Daren da na busar da Gashuwa da yatsa ɗaya

Har yanzu jikina bai daina rawa ba. Jiya bayan isha'i ɗan ƙanwata, mai karatun injiniyan ruwa, ya ajiye kwamfutarsa a kan tabarma ya ce, "Kawu, zo ka raba ruwan Kano da kanka." Na ɗauka wasa yake. Sai ga Kogin Haɗeja kwance a gabana, an zana shi da shuɗin layi: ga madatsar Tiga da aka gama a 1974, ga ta Challawa ta 1992, ga gonakin noman rani na Kura da Kadawa, ga matatar ruwa ta Tamburawa, ga masana'antun Sharaɗa, layin ya miƙe ta Wudil da Haɗeja har Gashuwa, garin mahaifiyata. Manhajar WEAP ce, ta wata cibiyar muhalli ta Stockholm. A zuba mata lissafin ruwan saman shekarun baya, a gaya mata wa zai fara sha, wa zai bi baya, ita kuma ta buga lissafin wata-wata har shekara talatin gaba.

Ni da ma da hukuncina na zo: masu masana'anta ne ke shanye wa talaka ruwa. Na ce ya ninka musu kasonsu in gani. Ya ninka. Layin ya ɗan motsa, kamar an ɗebi moɗa guda a randa. Na ce to ƙara wa shinkafar rani fili. Ya ce, "Kawu, danna da kanka." Na danna. Wallahi kafin in ɗauke yatsa, layin da ya nufi Gashuwa ya sirance ya koma kamar zaren ɗinki!

Ashe haka abin yake? Kilo ɗaya na shinkafa sai ya lashe dubban litoci kafin ya shiga buhu. Ga kuma wani babban mashayi da ba ya zuwa taron kowa: rana. Tiga tana ɗaukar kubik mita kusan biliyan 2, amma shimfiɗe take, kuma a wannan yanki zafi da iskar hunturu kan zuƙe kusan mita 2 daga saman ruwa a shekara. Yaron ya nuna mini gurbinta a lissafin, na yi shiru.

Kada masu majema na Sharaɗa su yi murna tukuna. Abin da suke ɗiba kaɗan ne, abin da suke mayarwa ne masifa. Ruwan jima mai ɗauke da sinadarin kuromiyom yana gangarawa Kogin Challawa, mai lambu na ƙasa ya kafa injinsa ya ba latas. Manhajar ta rubuta "ya dawo kogi", ta ci gaba abinta. Ita ba ta jin wari.

Amma abin da ya hana ni barci ciyawar kachalla ce. Ina yaro, in mun je hutu Gashuwa, damina kan malale fadama, kaka ta yi ruwa ya janye, a shuka a danshinsa, masunta su cika kwando, Fulani su sauko da shanu. Da aka fara sako ruwan madatsa rani da damina, saboda famfon birni da gonakin rani, fadamar ta daina bushewa, kachalla ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tura shi mashigar Marma ya nufi Nguru, can gonaki na nutsewa, wasu wurare kuma ana kallon busasshen gulbi, jan baki kuma ya samu mafaka yana cin hatsi. Shekara nawa ina ɗora wa fari laifin, ashe har da lokacin buɗe ƙofar dam!

Muka koma kan kwamfutar, muka gwada sakin ruwa da yawa a Agusta, ya haɗu da na Kogin Jama'are, wanda har yau ba a gama masa madatsar Kafin Zaki ba. Fadama ta cika, layin ya yi kauri har ya doshi iyakar Diffa. Amma Tiga ta yi ƙasa, in shekara biyu na fari suka biyo, Kura ce za ta ji a jikinta.

Na ce, "To wa ke rubuta wanda zai fara sha?" Ya ce, "Duk wanda ke riƙe da kwamfutar, Kawu." Daidai nan aka ɗauke wuta. Batirinsa saura kaɗan, na ce ya yi sauri ya mayar da Gashuwa lamba ta biyu, mu ga abin da zai samu Kano a shekarar 2050.