Layin da Muke Gani da Ido, da Wanda Aka Ɓoye Mana

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadar Dankadai kafin zuwan wayar salula ya san ƙarar Lista, injin niƙa, tun bai iya karanta agogo ba. Da an idar da sallar Asuba ake wana ta, ta yi tari biyu ko uku, ta feso baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Daga nan yara za su fara ɓullowa daga lunguna, kowa da ƙwarya ko kwano ko daro a ka, an rufe da faifai. Ina cikinsu shekara da shekaru, domin kai niƙa shi ne aikena na farko kowace safiya kafin in ɗauki allo.

A rumfar mai inji mutum ba ya bin layi, kwanonsa ne ke bi masa. Ka ajiye naka a bayan na ƙarshe, ka ƙulle kuɗin niƙa a tsumma ka tura cikin tsabar, ka kama gabanka. Kana makaranta ko kana kiwo, aikinka yana matsawa gaba a bayan idonka. In ka biyo ta wurin da hantsi, kallo ɗaya ya ishe ka: ga naka can, saura bakwai a gabansa. Babu wanda za ka tambaya, layin da kansa ya ba ka amsa.

Mai injin unguwarmu dattijo ne, kullum fari fat da gari har gira. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai lissafin lokaci irinsa ba. Zai ɗaga kai ya ƙare wa kwanukan kallo, ya ce, "Je ka, ka dawo bayan Azahar." Da wuya ka dawo ka tarar ba a yi ba. Ya san abin da tiyar dawa ke ci na lokaci, ya san masara ta fi ta taurin kai, ya san gero ba ya wahalar da dutse. Jiƙaƙƙen wake na masu ƙosai da alala kuwa layinsa daban, injinsa daban, don kada markaɗe ya tare wa busasshen niƙa hanya, kada kuma mai ƙosai ta rasa cinikin safe saboda buhun masarar wani.

Yakan tsallake layi, amma ba a ɓoye ba. Idan aka kawo niƙan gidan rasuwa, ko na mai jego, sai ya ɗaga murya ta fi ta injin: "Jama'a, a yi haƙuri, wannan na gidan makoki ne." Ba na tuna ranar da wani ya yi gardama. Idan kuma ya damƙi hatsi ya ji da sauran danshi, ko ya ji tsakuwa, ba ya zubawa ya lalata dutse ya tsayar da aikin kowa. Gefen bango yake tura shi, wurin da duk muka sani na waɗanda suka gaza ne, in yaron ya zo ya ce masa, "Ka faɗa wa Inna ta ƙara shanya shi, gobe a kawo, ba sai ya koma baya ba." Ranar da bel ya tsinke ko man gas ya ƙare, shirun da unguwa za ta yi shi ne sanarwa. Mata na ji daga cikin gida, kafin a jima ka fara jin luguden taɓarya ta kowace kusurwa.

Haka tsarin yake a injinan shinkafa, sai dai can harkar ta fi girma. Buhunan gumi da mata suka turara suka shanya, kowanne da alamar mai shi da gawayi ko fenti, ana jera su, yaron inji yana rubutawa a littafi. Fatake daga Kano, da manoman da suka gangaro daga ƙauyukan Doguwa, kowa na iya ƙirga buhunan da ke gabansa ya san ko zai kwana ko zai samu motar yamma zuwa Kwanar Dangora. Ruwa ma layi yake bi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure suke rayuwa a kan jiran a buɗe ƙofa, kuma wanda gonarsa ke ƙarshen magudana ya san sai na gaba sun sha zai samu.

Ba zan ce zamanin babu zalunci ba. An sha musanya wa mutane kwano, an sha shigar da yaron mai kuɗi gaba, na ƙarshen magudana ya sha kallon tumatirinsa yana yaushi. Amma wanda aka cuta yana ganin cutar da idonsa, ya san fuskar wanda ya yi, ya san ƙofar da zai je ya yi ƙorafi.

Ban gane darajar wannan ba sai a farkon 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin tsofaffin kuɗi 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Takardar kuɗi ta ɓace daga kasuwa, kowa ya koma tiransifa a lokaci guda, har waɗanda ba su taɓa yi ba. A cikin wannan hali na sayi masara a Kwanar Dangora, na tura kuɗi ta waya. An cire daga asusuna, ba su shiga na mai masara ba. Muka zauna a kan buhunan, ni da shi, kowa ya zuba wa wayarsa ido, daga La'asar har aka kira Magariba. Yaron POS da muka roƙa ya duba mana bai da abin cewa sai, "Baba, netwok ne." Mai masara mutumin kirki ne, amma ba zai saki kayansa a kan alat ɗin da bai gani ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Na koma gida ba kuɗi ba masara. A banki aka ba ni takarda na cike, aka ce in jira. Kwana tara kuɗin suka yi kafin su dawo. Asarar ciniki ba ta ƙona mini rai kamar rashin sanin inda kuɗin suke ba: suna layi ne, sun gaza ne, ko an manta da su?

Ɗan 'yar'uwata, wanda ke aikin rubuta manhaja a Kano, shi ya buɗe mini ido. Da na ba shi labari sai ya jawo kwamfutarsa ya ce, "Kawu, zo ka ga rumfar mai injinmu." Ba ta banki ba ce, ta wurin aikinsu ce, amma ya ce dabarar kusan ɗaya ce. Idan ka danna waya ka ba da umarni, sau da yawa ba nan take ake aikin ba. Ana karɓa ne a ajiye shi a layi, a ce maka an karɓa, sannan wasu ƙananan manhajoji da suke kira ma'aikata su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna yi a bayan fage: tura saƙon tes, haɗa rasit, sanar da wani kamfani cewa an biya. Kwano ne a layi, babu wani bambanci.

Abin da ya nuna mini shafi ne guda a intanet, allon sa-ido, na wata manhaja mai suna Sidekiq wadda Mike Perham ya fitar a 2012. Ya ce akwai irinta da yawa, kamar Flower da ke lura da ayyukan Celery. A saman allon ga alƙaluma a jere: ayyukan da aka gama, waɗanda ake kan yi, waɗanda ke jira, waɗanda aka sa wa lokaci, waɗanda suka gaza za a sake gwadawa. Layukan ma an raba su, na gaggawa daban, na sannu-sannu daban, yadda dattijon nan ya raba markaɗe da niƙa. Aikin da ya gaza ba a yar da shi. A tsarin Sidekiq na asali ana sake gwada shi har sau 25 cikin kimanin kwana 20, tazarar tana ƙaruwa bayan kowane gwaji, don kada a dami injin da ya riga ya jigata. In duk ya ƙi, sai a tura shi rukunin matattu, gefen bangonsu ke nan, inda sai mutum ya zo da kansa ya duba dalili ya danna a sake ko a share. Ya ce babban abin da suke tsoro shi ne a yi aiki ɗaya sau biyu, a ciri kuɗin mutum a sake cira, shi ya sa ake ba kowane aiki lambarsa, kamar alamar gawayi a jikin buhu.

Na tambaye shi abin da ya fi kallo a allon. Ya ce ba yawan ayyukan ba, daɗewar wanda ya fi kowa daɗewa yana jira. In wannan lokaci ya fara tsawo, to ayyuka suna shigowa fiye da yadda ake gama su, sai a ƙara ma'aikata ko a nemo abin da ya toshe. Ilimi ne mai tarihi: tun 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, ya fara nazarin cunkoson kira a kamfanin tarho na Kopenhagen. Mai injinmu bai taɓa jin sunansa ba, amma wannan lissafin yake yi duk lokacin da ya ce a dawo bayan Azahar.

A nan ne raina ya ɓaci fiye da ranar masara. Ashe layin yana nan, ana ganinsa, har da dalilin gazawar kowane aiki a rubuce. Injiniya ne kawai ke gani. Mai kwanon, wanda guminsa ne a ciki, an bar shi da da'ira tana juyawa a fuskar waya da kalmar "netwok". Na yarda ba za a buɗe wa kowa allon kamfani ba, akwai sirrin mutane a ciki. Amma abin da ya shafi aikina ni kaɗai, me zai hana a faɗa mini? An karɓa, yana jira. Ya gaza, za a sake gwadawa da ƙarfe huɗu. Ya ƙi, kuɗinka za su dawo ranar kaza. Da mai masara ya ga layi ɗaya irin wannan a wayarsa, da mun rabu lafiya kafin rana ta faɗi.

Yanzu 'ya'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil, wasu har sun fara gina manhajojin biyan kuɗi da na rabon taki da na rajistar manoma. Da ku nake. Iyayenku ne za su yi amfani da abin da kuka gina, da ƙaramar waya, a kasuwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Idan kun haɗa wa kanku allon sa-ido, ku yanko wa mai aikin nasa rabon, ku aika masa ta tes, da Hausa, ya san inda kwanonsa yake da lokacin da zai dawo ya ɗauka.